Sahun haƙora da gaɓar muƙamuƙi: Yadda bakin ɗan Adam yake aiki

Idan mai karatu ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, daidai ɗan guringuntsin nan da ke tsare ƙofar kunne, sannan ya buɗe baki a hankali, zai ji wani dunƙulen ƙashi ya motsa, ya zame gaba, ya bar ɗan rami a inda yake. Wannan ita ce gaɓar muƙamuƙi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan TMJ. Akwai ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kuma da su mutum yake tauna, yake magana, yake hamma, yake haɗiyar yawu ko da yana barci.

Gaɓar tana da wani hali da babu irinsa a sauran gaɓoɓin jiki. Gwiwa da gwiwar hannu kowacce tana da iyakar da ƙashi da jijiyoyinta suka yanka mata. Ita kuwa gaɓar muƙamuƙi, idan aka zo rufe baki, ba ita ke da ikon cewa ga inda za a tsaya ba. Haƙora ne ke tsayar da ita. Shi ya sa masana ilimin sassan jiki ba sa raba bayanin haƙora da na muƙamuƙi. Ƙashi da haƙori da gaɓa da tsoka duk abu ɗaya suke yi wa hidima, kuma abin da ya sami ɗaya yakan bar alama a jikin sauran.

Ƙasusuwa biyu da ba su yi kama da juna ba

Muƙamuƙin sama, wanda a likitance ake kira maksila, ba ya motsi. Ƙasusuwa biyu ne, na dama da na hagu, da suka haɗu a tsakiyar fuska suka manne da ƙoƙon kai. Su ne suka yi daɓen ramin ido, da bangon hanci, da mafi yawan ganɗa, wato rufin baki mai tauri. A cikin kowannensu akwai wani kogon iska mai ɗan girma wanda yake buɗewa cikin hanci, kuma saiwoyin turamen sama suna zaune ne dab da ƙasan wannan kogo, wani lokaci ma ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba su. Wannan kusanci shi ne dalilin da ya sa mura mai tsanani kan sa mutum ya ji turamensa na sama duk suna ciwo alhali lafiyarsu lau, kuma ruɓaɓɓen turmi kan iya tura mugunya cikin kogon.

Muƙamuƙin ƙasa, wato mandibul, shi ne mafi girma da ƙarfi a ƙasusuwan fuska, kuma in aka cire ƙananan ƙasusuwan cikin kunne, shi kaɗai ne ke motsi a duk kan mutum. Jariri yana zuwa duniya da shi kashi biyu, sai su haɗe a haɓa a wajen shekarar farko ta rayuwa. Siffarsa kamar kofaton doki take: gangar jiki mai lanƙwasa wadda ke ɗauke da haƙora, sai kusurwa a ƙasan kunne, sai reshe da ya miƙe sama a kowane gefe. Kowane reshe ya rabu gida biyu a ƙarshensa. Na gaba wani tsini ne mai faɗi da tsokar gefen kai take kamawa. Na baya shi ne dunƙulen da yatsa ya ji yana motsi, ana kiransa kondail, girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba, kuma yana zaune ne a kan wani siririn wuya.

Ta cikin wannan ƙashi wata babbar jijiyar ji take ratsawa. Tana shiga ta wata kafa a cikin reshe, ta bi ƙarƙashin saiwoyin haƙoran ƙasa tana ba kowanne reshenta, sannan wani ɓangare nata ya fito ta wata kafar a ƙasan ƙananan turame ya watsu a leɓen ƙasa da haɓa. Duk wanda aka taɓa yi wa allurar kashe zafi don cire haƙorin ƙasa ya san sakamakon: rabin leɓe ya yi nauyi, ya zama kamar ba nasa ba, na tsawon sa'o'i. Allura ɗaya a bakin kafar farko ta isa ta kashe ji a rabin muƙamuƙi.

Sahu biyu, haƙora 32

Haƙora suna jere a sahu biyu masu lanƙwasa kamar bakan gizo, sahun sama da sahun ƙasa. Baligi mai cikakkun haƙora yana da 32, wato 16 a kowane sahu. Idan aka ja layi a tsakiyar fuska, baki ya kasu kashi huɗu, kowane kashi da haƙora takwas: haƙoran gaba biyu masu kaifi don gatsa, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, da manyan turame uku. Na ƙarshe a cikin manyan turamen shi ne haƙorin hankali.

Wanda ya yi karatun tajwidi ba baƙo ba ne a wannan rabo. Malaman ƙira'a sun daɗe da ba kowane rukuni suna, sanaya da raba'iyat da anyab da adras, domin ta nan ake gane mafitar haruffa. Harafin ladi, alal misali, gefen harshe ne ke haɗuwa da turamen sama kafin ya fita daidai, wasu haruffan kuma sai kan harshe ya taɓa bakin haƙoran gaba. Hausa ba ta dogara da haƙora kai tsaye haka ba, don ko harafin f na Bahaushe leɓɓa biyu ne ke fitar da shi. Amma t da d da s da z da n duk a hanƙa ake yin su, wato tudun dasashin da ke bayan haƙoran gaba na sama, shi ya sa mai giɓi a gaba maganarsa kan sauya.

A asibiti ana kiran haƙori da lamba. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya, na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya FDI, lamba biyu yake ba kowane haƙori: ta farko tana nuna kashin baki, daga 1 a sama ta dama, 2 sama ta hagu, 3 ƙasa ta hagu, 4 ƙasa ta dama, ta biyu kuma tana nuna matsayin haƙorin daga tsakiya. Idan majinyaci ya ga 36 a katinsa, ba ana nufin yana da haƙora 36 ba ne, ana nufin babban turmi na farko a ƙasa ta hagu.

Kowane haƙori yana da kai da ake gani da saiwa da ke ɓoye. Kan yana lulluɓe da inamel, farin ɓawo wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Tauri ne da shi, amma ba shi da rai: in ya ɓare ko ya zaizaye ba ya sake tohowa. Ya kamata masu zuwa a goge musu haƙoran gaba don a ƙirƙirar musu wushirya su san wannan. Wushirya ta asali ado ce da ba ta cutar da kowa, amma wadda aka sassaƙa asarar inamel ce ta har abada. A ƙarƙashin inamel akwai dentin, mai ɗan rawaya, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori, a tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori mai ɗauke da jijiyoyin jini da na ji. Haƙoran gaba da fiƙa saiwa ɗaya gare su, manyan turamen ƙasa biyu, na sama uku. Fiƙar sama ce ta fi kowa doguwar saiwa, kuma ita ce ke tallafe kusurwar leɓe.

Mutane da yawa suna zaton haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a jikin katako. Ba haka ba ne. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani tantani na zaruruwa wanda kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, kuma a jikinsa haƙorin yake rataye. Shi ke shanye ƙarfin cizo, yana barin haƙori ya ɗan motsa kaɗan. Yana kuma cike da jijiyoyin ji masu saurin kai rahoto, su ne ke sa mutum ya gane ƙwayar tsakuwa a cikin shinkafa ya saki muƙamuƙi nan take tun kafin ya yi tunanin yin haka. Da wannan tantani likitocin gyaran jeren haƙora suke aiki: wayar da suke ɗaurawa tana matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa ya narke, sabo ya tsiro a bayansa, haƙori ya yi ƙaura cikin watanni.

Ƙashin da ke riƙe da saiwoyin shi ma rayuwarsa a ɗaure take da haƙora. Yana tasowa ne tare da su, kuma in suka tafi yakan bi su. Bayan an cire haƙori, ƙashin gurbinsa yana janyewa, da sauri a watannin farko, a hankali daga baya. Fuskar tsohon da haƙoransa suka ƙare, wadda leɓɓa suka faɗa ciki, haɓa ta matso kusa da hanci, ba tsufa kaɗai ya yi ta ba. Ƙashi ne ya tafi. Wannan ne kuma dalilin da ya sa haƙoran roba da suka zauna daram a bana kan fara lilo bayan wasu shekaru.

Daga haƙoran nono zuwa famfara

Haƙoran nono 20 ne, biyar a kowane kashi, babu ƙananan turame a cikinsu. Na farko yakan ɓullo a gaban muƙamuƙin ƙasa a wajen wata shida, su kammala tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. A wajen shekara shida famfara take farawa, kuma takan ɗauki yaro har zuwa shekara 12 ko kusa da haka.

A nan ne iyaye suka fi yin kuskuren da ya fi tsada. A daidai shekara shida, babban turmi na farko na dindindin yana fitowa a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Tunda ba a ga famfara a wajen ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne, in ya yi kogo a ce ƙyale shi, ai zai faɗi wani ya fito. Babu wanda zai fito. Wannan turmi shi ne ginshiƙin sahu, shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tauna, kuma da shi ake auna zaman sauran haƙora. Yana cikin haƙoran dindindin da aka fi yin asararsu da wuri, saboda shi ne ya fi daɗewa a baki, kuma ya shigo a shekarun alawa da rashin kula da asuwaki.

Su ma turamen nono ba abin rainawa ba ne. Kowanne yana tsare wa magajinsa fili. In aka cire shi shekaru kafin lokacinsa, babban turmin da ke baya sai ya matso gaba ya cinye filin, magajin kuma ya fito a karkace ko ya maƙale cikin ƙashi. Ɓangaren sahun da ke gaban turmin shekara shida ba ya ƙara wani tsawo na a zo a gani bayan nan. Muƙamuƙi ta baya yake girma, yana buɗa wuri ga turmi na biyu a wajen shekara 12, da haƙorin hankali daga shekara 17 zuwa ashirin da 'yan kai. Saboda haka yaron da haƙoransa na nono suke da 'yan tazara a tsakani, alama ce mai kyau: manyan da ke tafe za su sami masauki.

Haƙorin hankali shi ne baƙon da ya zo bayan an raba ɗakuna. Wani ya samu wuri ya zauna lafiya, wani ya kwanta a kaikaice ya tokari maƙwabcinsa, wasu mutanen kuma ba a halicce su da shi ba sam. Wanda ya fito rabi, dasashi ya rufe rabi, shi ne mai yawan kumbura, kuma da yake yana zaune kusa da tsokokin tauna, kumburinsa kan hana baki buɗuwa. Kumburin haƙorin ƙasa da ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya, har haɗiya ko numfashi ya fara wuya, ba na jira ba ne. Yana iya toshe hanyar iska, kuma asibiti ake nufa da shi a daren.

Yadda sahun biyu suke haɗuwa

Sahun sama ya ɗan fi na ƙasa faɗi, don haka idan aka rufe baki yakan rufe shi kamar murfi a kan kwano. Haƙoran gaba na sama suna gaban na ƙasa da milimita biyu zuwa uku, suna kuma ɗan sauka a kansu. Wannan tsari ne ke ture kunci waje da harshe ciki lokacin tauna, duk da dai, kamar yadda Bahaushe ya lura tun tuni, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Haƙora ba sa haɗuwa ɗaya bisa ɗaya. Kusan kowane haƙori yana sauka ne a kan biyu na ɗaya sahun, irin yadda magini ke jera bulo, banda na tsakiya a gaban ƙasa da turamen ƙarshe na sama. Ta haka nauyin cizo yake rarrabuwa.

Saman sahun ma ba a miƙe yake ba. In aka dubi haƙoran ƙasa daga gefe, daga fiƙa zuwa turmin ƙarshe, za a ga layin ya ɗan lotsa a tsakiya ya tashi a baya. Wani masani Bajamushe, Ferdinand Graf von Spee, shi ya bayyana wannan lanƙwasa a 1890, kuma har yau da sunansa ake kiranta. A 1899 kuma likitan haƙori ɗan Amurka Edward Angle ya kasa haɗuwar haƙora gida uku, ya ɗauki turmin shekara shida a matsayin ma'auni. A rukuni na farko muƙamuƙan biyu suna daidai da juna. A na biyu na ƙasa ya koma baya, haƙoran sama suka turo. A na uku na ƙasa ne ya wuce gaba, irin haɓar da ta yi suna a gidan sarautar Habsburg na Turai, har ana ba da labarin cewa Sarki Charles na Biyu na Sifen, wanda ya mutu a 1700, da ƙyar yake iya tauna abinci.

Haƙori ba ya zama a gurbinsa don kansa. Maƙwabtansa biyu ne suke tokare da shi, abokin karawarsa na ɗaya sahun yana danne shi, harshe na tura shi waje, leɓe da kunci na mayar da shi ciki. Idan aka cire guda ɗaya aka bar giɓi, na bayansa yakan sunkuya cikin giɓin, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya yi ta zuruwa tunda babu mai tare shi, tazara ta buɗu inda abinci zai riƙa maƙalewa. Yaron da ya daɗe yana tsotson yatsa har bayan famfara ta fara, shi ma wannan ma'auni yake ɓatawa, sai haƙoran gaba su ƙi haɗuwa.

Akwai wani abu da yawancin mutane ba su taɓa lura da shi ba. A lokacin da mutum yake zaune bai cin komai, leɓɓansa a rufe, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna. Akwai tazarar milimita biyu zuwa huɗu a tsakani. Haɗuwa ta gaske sai wajen tauna da haɗiya, kuma in aka tara ta duka a yini ba ta cika rabin sa'a ba. Wanda ya duba yanzu ya tarar da haƙoransa a dantse alhali karatu kawai yake yi, to yana sa tsoka da gaɓa aikin da ba nasu ba.

Cikin gaɓar

Kondail yana zaune ne a wani ɗan kwarmi a ƙashin gefen kai, dab da gaban ramin kunne. A gaban kwarmin akwai ɗan tudu. Ƙasusuwan biyu ba sa gogar juna, domin a tsakaninsu akwai wani faifan guringuntsi mai tauri, siriri a tsakiya, mai kauri a gaba da baya, wanda yake zaune a kan kondail kamar gammo a kan mai ɗaukar kaya. Faifan ya raba gaɓar ɗaki biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da ruwansa mai santsi, duka kuma an naɗe su cikin jakar tantani da jijiyoyi masu ɗaure ƙashi suka ƙarfafa.

Kowane ɗaki da irin motsinsa. A ɗakin ƙasa kondail juyawa yake yi a wuri ɗaya, kamar ƙyauren ƙofa, kuma wannan ya isa ya buɗe baki har milimita 20 zuwa 25. Daga nan sai ɗakin sama ya karɓa: kondail da faifansa su zame gaba tare, su gangara kan tudun, kamar an jawo aljihun tebur. Da haɗuwar motsin biyu baligi yake buɗe baki milimita 40 zuwa 50, wanda a aikace yake daidai da yatsunsa uku na tsakiya a jere a tsaye tsakanin haƙoran gaba. Muƙamuƙi yana kuma iya karkata gefe kimanin milimita 10. A wannan motsi kondail ɗaya yana juyawa a gurbinsa, ɗayan yana zamewa gaba. Tunda ƙashi guda ne ya haɗa gaɓoɓin biyu, babu yadda ɗaya za ta motsa ɗaya ta zauna.

Kwatanci da dabbobi yana fito da abin fili. Kyanwa da kura gaɓarsu ƙyaure ce zalla, sama da ƙasa kawai, kamar almakashi. Saniya da akuya da tunkiya, waɗanda ba su da haƙoran gaba a sama sai wani dasashi mai tauri, gaɓarsu shimfiɗaɗɗiya ce, muƙamuƙi na yawo gefe da gefe kamar dutsen niƙa. Ɗan Adam ya samu rabo daga kowanne, shi ya sa baki ɗaya yake yagar kilishi yake kuma niƙa aya.

Tsokoki huɗu ne a kowane gefe suke da babban aikin tauna. Masita, wadda ke tashi a kusurwar muƙamuƙi in an dantse haƙora, da temforalis mai siffar mafici a gefen kai, da wata ta ciki da ke fuskantar masita, su uku rufewa suke yi. Ta huɗun tana kwance ne a kaikaice, tana kama wuyan kondail, tana jawo shi gaba, tare da taimakon ƙananan tsokokin ƙarƙashin haɓa masu jan muƙamuƙi ƙasa. Masu rufewa sun fi masu buɗewa ƙarfi nesa ba kusa ba. A kan manyan turame, cizon baligi mai lafiya kan kai nauyin kilo 50 zuwa 70, a haƙoran gaba kuwa bai kai rabin haka ba. Mai buɗe kwalba da haƙori ko fasa ƙashi da turmi yana ɗora wannan nauyi ne a kan ɗan tsinin inamel guda.

Jijiya ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ita ce ke kula da duk wannan yanki: haƙora, da tsokokin tauna, da gaɓar, da wani ɓangare na kunne da gefen kai. Saboda hanyar saƙon ɗaya ce, ƙwaƙwalwa kan rikita inda ciwo ya fito. Mutum ya yi ta ɗiga magani a kunne, ashe gaɓa ce ko turmin ƙasa. Dangantakar kunne da muƙamuƙi ma ta girmi haihuwa, domin a cikin mahaifa guringuntsi ɗaya ne ke zama madogarar muƙamuƙin ƙasa, ƙarshensa na baya kuma ya shiga ginin ƙananan ƙasusuwan ji.

Idan gaɓar ta samu matsala

Ƙarar ƙas da wasu ke ji idan sun buɗe baki, galibi faifan ne ya ɗan zame gaba daga kan kondail, sai kondail ya haye masa ya koma ƙarƙashinsa yayin buɗewa. Tana da yawa a cikin jama'a, kuma in babu ciwo babu maƙalewa ba ta buƙatar magani. In faifan ya ƙi komawa, sai ya tare hanyar zamewa, baki ya tsaya a yatsa biyu. Tsakiyar faifan ba ta da jijiyar ji, amma naman da ke bayansa cike yake da su, kuma shi kondail ke dannewa idan faifan ya bar wurinsa.

Mafi yawan ciwon muƙamuƙi kuwa daga tsoka yake, ba daga ƙashi ba: dantse haƙora saboda damuwa, cizon haƙora cikin barci, taunar cingam dare da rana. Ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. A 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya ɗora laifin irin wannan ciwo a kan rashin turame da karkacewar cizo, kuma shekaru da dama likitoci sun yi ta goge haƙora da sauya cizo a kan wannan fahimta. Binciken baya-bayan nan ya nuna alaƙar ba ta kai yadda aka zata ba. Abin da ake farawa da shi yanzu mai sauƙi ne: abinci mai laushi, gashi da ruwan ɗumi, motsa muƙamuƙi a hankali, maganin zafi na ɗan lokaci, wani lokaci da robar da ake sawa a haƙora da dare. Duk wanda aka ce za a fara goge masa lafiyayyun haƙora ko a yi masa tiyata tun a zuwan farko, yana da hakkin ya nemi jin ta bakin wani likitan.

Gocewa ita ce kishiyar maƙalewa. Mutum ya yi doguwar hamma, kondail ya wuce tudun ya faɗa gabansa, tsokoki suka ɗaure, baki ya tsaya a hangame, yawu na zuba. Tsohuwar matsala ce, domin wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, da aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta bayyana yadda ake mayar da shi, kuma hanyar ba ta sauya sosai ba: a danna muƙamuƙi ƙasa ta wajen turame, sannan a tura shi baya. Aikin ma'aikacin lafiya ne. Mari ko naushi a haɓa, da wasu ke ganin shi ne magani, karaya yake iya ƙarawa a kan gocewa.

Ita karayar muƙamuƙi, wadda hatsarin babur ke yawan kawowa asibitocinmu, takan zo biyu-biyu, saboda ƙashin da ƙoƙon kai zobe suka yi, zobe kuma ba ya cika tsagewa a wuri ɗaya. Duka a haɓa yakan karya siririn wuyan kondail can kusa da kunne. Babbar alamar ita ce majinyaci ya ce haƙoransa ba sa haɗuwa yadda ya saba. Da haƙoran kuma likita yake ɗori: in sahun sama da na ƙasa suka koma mazauninsu, ƙashin ma ya koma, sai a ɗaure su da waya na mako huɗu zuwa shida ko a sa ƙarfe a jikin ƙashin.

A wajen yara lamarin ya fi nauyi, domin kondail yana cikin wuraren da muƙamuƙi ke girma. Yaro ya faɗo daga bishiya ya bugi haɓa, aka ɗinke fatar aka sallame shi, ba a duba gaɓar ba. Jini ya taru a ciki, sannu a hankali ya zama ƙashi, kondail ya manne da ƙoƙon kai. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga baki ya daina buɗuwa, haɓa ta karkace ko ta ƙi girma. Ciwon kunne mai mugunya da aka bari shi ma yana iya kaiwa ga haka.

Akwai kuma cutar noma, mai farawa daga gyambon dasashi ta cinye kunci da ƙashi cikin kwanaki, wadda ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita in an kama ta a matakin dasashi. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira tabon yakan ɗaure muƙamuƙinsu, su girma suna tura abinci ta 'yar kafar da ta rage. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014, yana yin tiyatar sake buɗe irin wannan baki kyauta, sannan a bi da watanni na atisayen buɗewa don kada ya sake rufewa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.